Ƙanwa, Ba Kanwa Ba

Na san abin da Baffanku Alu yake gaya muku in ba na nan. Wai ubanku an miƙa masa kujera a Gusau, ya sa ƙafa ya shure saboda wasan kwamfuta. Tun kuna ƙanana yake wannan waƙar, ni kuwa na yi shiru, don yayana ne, kuma ba a ja da babba a gaban yara. To yanzu furfura ta rufe ni kamar yadda ta rufe shi, ba wanda zai kira wani yaro. Ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin mai abin. Zan rubuta da Hausar rediyo da kuka taso da ita a makaranta, amma maganar tsofaffi zan bar ta yadda ta fito, don in na gyara ta ba su ba ne.

Abin ya samo asali tun ranar sunanka, Aminu, kana cikin zani ba ka san duniya ba. Kakarku Inna, wadda ta haife ni, ƙanwa ɗaya tak take da ita a duniya, Inna Dije, uwa ɗaya uba ɗaya, ’yan Zugu. Inna ce ta goye ta, ita ke mata kitso har ta yi aure. Aure ya kawo Inna Gummi, ita kuwa Inna Dije ta zauna can ƙasar Bukkuyum. Ranar sunan, ana cikin rabon tuwo, wata mai dogon baki ta raɗa wa Inna wai Dije ce ta kai wata maganar cikin gida wurin surukanmu. Ko gaskiya ne ko ƙarya, har yau ban sani ba, ban kuma nema ba. Inna dai in ta hau, sai ta ga dama take sauka. Wurinta na gaji nawa. Ta miƙe a tsakar gida, mata maƙil, ta nuna ƙanwarta da mara a hannu.

“Ke ba ƙanwa kike ba, kanwa kike! Kanwa uwar gami!”

Mata suka kwashe da dariya don maganar ta yi gishiri, dariyar kuwa ita ta fi yi wa Inna Dije ciwo. Ta ɗauki mayafinta, ko loma ba ta kai ba. Sai da ta isa bakin zaure ta juyo.

“Adda Hassi, ƙahwata ba ta koma taka gidanga sai bakin da yah hwaɗi wagga magana ya janye ta. Ba ɗan aike ba. Bakin.”

Magana zarar bunu. Aminu ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya shiga firamare ya fita, tsofaffin nan biyu ba wadda ta ga idon wata. An yi biki, an yi rasuwa, kowace ta aika wakili. Liman ya sa baki, ni na sa, Baffanku ya sa. In an taɓa Inna Dije sai ta ce ita dai bakin take jira. In an taɓa Inna sai ta ce, “Ni in roƙi ɗiyar da na goya? Allah ya kiyashe ni.” Na taɓa kai mata rikoda da kaset na ce ta yi magana kaɗan in kai, ta kore ni da tsintsiya. Amma ni da nake kwana gida ɗaya da ita na san duk ranar kasuwa sai ta tambayi masu zuwa daga Bukkuyum ko an yi ruwa can, ko gero ya yi kyau, ko kowa lafiya. Kowa ɗin nan mutum ɗaya ce.

Ni a lokacin malamin Hausa ne a wata sakandare nan Gummi. Aka kawo mana kwamfuta guda, aka ajiye ta a ofis an lulluɓe da zani kamar gawa, kowa na tsoron taɓawa. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana shi ya yaye zanin. Kafin ya tafi ya nuna mini wani yare da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, sunansa Tcl, ana cewa tikil, ya bar mini faifai da bayaninsa. Na kamu. Yaren ba wuya, kana rubutawa kamar kana jera wa yaro aike, ka danna, ka ga abin ya faru. Sai dai akwai wani abu da ban gane muhimmancinsa ba sai da na sha kunya. Kwamfuta ba ta jin wannan yaren kai tsaye. Akwai wata manhaja da ke zaune a cikinta tana karanta abin da ka rubuta tana fassara mata, layi bayan layi. Ni tafinta nake ce mata, don aikinta ke nan. Ɗan bautar ƙasa ya riga ya zaunar da tafinta a kwamfutarmu, ni kuwa na ɗauka haka ake haihuwar kowace kwamfuta.

Abin da na ƙulla shi ne ɗan shiri na koyon karatun Hausa. Haruffa su fito a allo, ka danna ɗaya, hoto ya bayyana, murya ta faɗi harafin da kalmarsa. Dalilina kuwa haushi ne. Na gaji da yaran da ke rubuta ɓarawo su bar shi barawo, su rubuta ɗaki ya koma daki, kamar ƙugiyar nan ado ce. Na zana haruffan da hannuna na mai da su hotuna, don kada wata kwamfuta ta ce ba ta san su ba. Saura murya. Tawa kamar ana jan buhu a ƙasa take, ta uwarku Rabi kuma kunya ta cinye ta. Sai na tuna wa ke da murya a gidanmu. Inna ba ta san ko alif na boko ba, amma in ta faɗi kalma sai ka ji kowace gaɓa ta tsaya da ƙafarta.

“Ni da ban yi boko ba, ni ka koya ma mutane boko?”

“Ke dai faɗi kawai, Inna. In na ce ba, ki ce ba, baki.”

“To wa ka jin shi?”

Na ce yaranmu na nan, da wata makaranta a Anka mai kwamfuta, da kuma ajin matan yaƙi da jahilci a Bukkuyum da wata ƙungiyar agaji ta ba su guda. Ban faɗi wannan na ƙarshen da wata manufa ba, Allah shi ne shaida. Amma duk gidan an san Inna Dije ta bar Zugu ta koma wurin ɗanta a cikin Bukkuyum, kuma da tsufanta ta shiga ajin nan, wai ta gaji da ba jikoki takardar magani su karanta mata. Inna ta ci gaba da murza carbinta. Can ta ce in kawo abin maganar gobe da hantsi.

Haka muka fara. Shugaban makaranta ya yarda in riƙa aro makirufo da ƙaramar rikoda. Inna ƙarfinta ya riga ya fara ja baya, numfashi ba ya kai mata nisa, don haka sai ta sha kunu da hantsi muke yin kalma biyu ko uku, wata rana ko ɗaya ba ma samu. Ga zakara ya tsoma baki, ga turmin maƙwabta, ga Inna kanta ta tsaya gardama wai ba haka ake cewa ba a Zugu. Da muka zo kan haruffan ka da ƙa, na shirya mata kafa da ƙafa, yadda muke koyarwa a aji don yaro ya ji bambanci. Na yi nesa da waccan kalmar da gangan, ni ba mahaukaci ba ne.

“A’a,” in ji Inna. “Sa kanwa da ƙanwa.”

Na ɗago na dube ta. Ba ta dube ni ba.

“Mi kaka kallo? Kunna abinka.”

Ta faɗi ka, kanwa, a bushe. Ta huta. Sannan ta faɗi ƙa, ƙanwa, ta kuma ƙara wasu kalmomi a baya waɗanda ba na cikin darasi. Na kashe rikoda. Ba ta ce kada in yanke ba, ba ta ce in yanke ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ka ce yana kai Bukkuyum?” Na ce zai kai, Inna, in Allah ya yarda. Daga ranar na san ba darasin karatu kaɗai na ɗauko ba. Bakin da aka shekara da shekaru ana jira ne aka damƙa mini.

Tun ba mu gama haruffan ba zumuɗi ya ɗebe ni, na kwafi shirin a faifai na hau babur sai Anka, in gwada. Mai kula da kwamfutarsu, Malam Isa, mutum ne mai kirki amma matsoraci. Ya tara malamai, na sa faifai ina ta cika baki, na danna. Ba abin da ya fito sai rubutun umarnina tsirara, kamar an buɗe tukunya an tarar da ɗanyen gero. Ba tafinta a kwamfutarsu. Na ce to bari in zaunar musu da shi. Malam Isa ya tare allon da jikinsa.

“Malam Garba, ka rufa mini asiri. Wancan watan wani ya sa mana abu, cuta ta shiga, sai da aka kai ta Gusau. An gargaɗe ni, ko allura kada a ƙara dasa mata.”

“To a wurina fa tana aiki!”

“Ai sai ka ɗauko wurin naka ka zo da shi,” in ji wani malamin lissafi, aka yi ta dariya.

Na hau babur raina kamar ya kama da wuta. A hanya na ratsa Bukkuyum don in ga tasu kwamfutar, ba ranar aji ba ce. Nan na ga abin da ya ƙara kashe mini jiki. Ta Anka tsohuwar Windows ce, tamu ta Gummi sabuwa, ta Bukkuyum kuwa ba ma danginsu ba ce, Linux ce a kanta. Ko da Malam Isa ya yarda, tafintan da ke aiki a Anka ba zai yi a nan ba. Malama Luba, mai koyar da matan, ita ma an ja mata kunne kada ta dasa komai, ba ta ma da kalmar sirrin da ake dasawa da ita.

Ana cikin haka takardar Gusau ta iso. An ɗaga ni zuwa ofishin duba makarantu, in je in kama aiki da buɗe zango. Gida ya ɗauki guɗa. Uwarku har ta fara ware tukwanen da za ta tafi da su. Ni kuwa na zauna ina duban Inna. Haruffa ba su ƙare ba, ita kuma kullum raguwa take, wanda ke da ido ya gani. In na tafi, wa zai zauna da ita da hantsi yana jiran numfashinta ya dawo? Na ce ba ni zuwa. Baffanku ya zo har ɗakina, ko zama bai yi ba.

“Garba, kanka ɗaya? Mutane na bin ƙafa su samu, kai an kawo maka har gida! Gusau ba kwamfuta ne?”

“Akwai kwamfuta, Yaya. Inna ce babu.”

“Tsofaffi biyu sun yi rikicinsu tun Aminu na cikin zani, kai ne za ka kashe kanka a kai? Da akwatin ƙarfe?”

“Da shi.”

Ya ce Allah ya shirye ni, ya fita, bai ƙara yi mini magana ba sai bayan kaka. Uwarku ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi zafi. Ta mai da tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Malam, ni dai na so yaran nan su yi karatu inda akwai wuta.” Gaskiya ta faɗa. Kujerar aka ba wani, ba a kuma sake tunawa da ni ba har na yi ritaya a inda nake. Ba zan ɓoye muku ba, kun yi karatu da fitilar ƙwai saboda shawarar da na yanke ni kaɗai. Wannan shi ne kuɗin abin, na kuma san ba ni kaɗai na biya ba.

Mafita kuwa tana cikin faifan ɗan bautar ƙasa tun farko, a wani bayani da na tsallake don Turancinsa ya yi mini kauri. Na koma na bi shi da ƙamus. Ashe ana iya ɗaure komai wuri ɗaya: umarnin da ka rubuta, da hotuna, da muryoyi, da shi kansa tafintan, a ƙulle su su zama fayil guda. Ba a dasa komai, ba a roƙon kowa. Ka danna, ya kwance kansa ya yi aiki, ka rufe, ya tattara. Abin da ya fi burge ni, kayan cikin duk iri ɗaya ne, tafintan kawai ake sauyawa da ɗan abin da ke fitar da sauti. Ka sa na Windows, ka sami ƙunshin Windows. Ka sa na Linux, ka sami na Linux, kuma duk a kan kwamfutarmu ta Gummi, ba sai na je can ba. Na yi wa Inna bayani iya yadda zan iya.

“Au, guzuri dai,” in ji ta. “Da can kai wa ya ce ka aiki baƙo garin mutane hannu sake? Komi garin, mutum shi tahi da abin cinsa.”

Tafintocin ne babu a faifan, sai an ɗauko ta intanet, intanet kuwa sai Gusau. Ku ji ikon Allah, garin da na ƙi zuwa da kujera, shi na je da ƙafata na zauna a benci a shagon intanet. Na yini cur. Abu ya kusa sauka a ɗauke wuta, a tada janareto a koma farko. Na yi faɗa da mai shagon, na ba shi haƙuri, na sake yin faɗa da shi. Kafin la’asar sakaliya dai na fito da su a filas, ɗan abin nan na adana fayil, na sa a aljihun gaba ina dafe da shi har tasha.

Muka ƙarasa haruffa da ƙyar, harafin ƙarshe, za, Inna tana jingine da bango ta faɗe shi. Na ɗaure ƙunshi biyu, na Windows da na Linux. A na Bukkuyum kaɗai na bar ƙarin maganar nan, na sauran na yanke. Na shirya in fara da Anka da safe, in biya Bukkuyum a dawowa, ranar aji ce. Malam Isa na ganina ya fara yarfe hannu. Na ce masa ba zan dasa ko tsinke ba, fayil ɗaya ne, daga faifai ma zai tashi. Ya matsa da ƙyar. Na danna. Allo ya yi fari, haruffa suka jeru reras, muryar Inna ta cika ofis: “A, akuya.” Wayyo daɗi! Na nemi malamin lissafin nan da ido na ce masa, “Ga wurin nawa na ɗauko na zo da shi.” Aka yi ta tafi, yara suka cika taga, Malam Isa na ta danna haruffa yana washe baki kamar shi ya yi. Ya danna ka, hoton kanwa ya fito, Inna ta ce kanwa. Ya danna ƙa. Hoton yarinya riƙe da hannun yayarta ya fito, Inna ta ce: “Ka, kanwa.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ture shi na danna da kaina. Hoton ƙanwa, murya ta ce kanwa. Su suna dariya, a wurinsu ƙaramin kuskure ne. Ni kuwa na hango Inna Dije zaune gaban allo, ga hoton ƙanwa, ga bakin da ta yi shekara da shekaru tana jira, ya buɗe ya sake zaginta a gaban mata. Da na fara da Bukkuyum aka sami irin wannan, wallahi da na binne zumuncin nan da hannuna. Na zare faifai. A dawowa na wuce mararrabar Bukkuyum ko waiwaye ban yi ba.

Inna na kwance a tabarma a inuwar ɗaki. Tana jin babur ta ɗaga kai.

“Ya kai?”

Na durƙusa na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan hawaye suka fara bin gefen idonta.

“Ashe har ƙarhe ya san abin da nic ce. Garba, yi hanzari. Ni ba ni da zama da yawa.”

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na koma ofis na bi abin daki-daki har na kama ɓarawon. Kowace murya na ba ta suna da kalmarta, da ƙugiya da komai, ni malamin Hausa mai kishin ƙugiya. Hotuna daga cikin ƙunshin ake nuna su, ba matsala. Amma murya sai an sauke ta a kan kwamfutar mai masauki kafin ta yi sauti, tsohuwar kwamfutar Anka kuwa ba ta san harafi mai ƙugiya a sunan fayil ba. Sai ta gutsure ƙugiyar, ƙanwa ta koma kanwa, sunaye biyu suka zama ɗaya, ɗaya ta danne ɗaya. Laifin da nake dukan tebur a kansa a aji, shi na’ura ta yi mini. Maganin ya ba ni haushi don sauƙinsa. Na cire kalmomi daga sunayen gaba ɗaya, na ba kowace murya lamba, na bar ƙugiya inda ido ke gani da inda kunne ke ji. Na sake ɗaurewa, na koma Anka na bi haruffa tun daga a har za, Malam Isa na ce mini ya isa, ina ce masa bai isa ba. Ƙunshin Linux kuwa ba inda zan gwada shi. Sai a gaban mai shi.

Ranar aji na isa Bukkuyum da hantsi, an yi ruwa da asuba, babur duk taɓo. Matan sun kai goma sha, galibi tsofaffi, suna zaune a tabarmi. Inna Dije na can gaba, ta ƙanƙance, amma wuyan nan a miƙe irin na gidansu. Na durƙusa na gaishe ta.

“Lahiya lau. Ya mutanen gidanku?” Ba ta ce Adda ba.

Na kwafi fayil na danna, shiru. Sai na tuna bayanin ya ce ita wannan sai an ba fayil izinin tashi tukuna. Na ba shi. Na ce bismillah na sake dannawa. Haruffa suka jeru. Abin da aka ɗaure a Gummi, a kan wata irin kwamfuta dabam, ya tashi a Bukkuyum bai nemi komai wurin kowa ba. Na ja da baya na tsaya bakin ƙofa, Malama Luba ta karɓi linzamin kwamfuta.

“A, akuya.”

Na ga bayan Inna Dije ya sandare. Mata na maimaitawa suna dariya, suna cewa wagga tsohuwa ta iya magana, ita kuwa ko motsi. Aka yi ba, aka yi ɓa, aka yi ta tafiya. Sai a lokacin na tuna abin da duk lissafina bai kawo mini ba: a jerin haruffa, harafin ka ne ke zuwa kafin ƙa.

“Ka, kanwa.”

Inna Dije ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta gyara mayafi daidai yadda ta gyara shi ranar suna, ta nufo ƙofa. Ni kuwa ina ƙofar, na buɗe hannuwa na tare.

“Kauce, Garba. Ta aiko ka har nan ka ƙarasa mata?”

“Inna Dije, saura harafi ɗaya. Wanda ke biye, mai ƙugiya. Ki danna da hannunki, in bai yi miki ba ki tafi, ba zan ƙara tare ki ba har abada.”

Ta dube ni kamar za ta mare ni. Malama Luba ta kamo hannunta a hankali ta ɗora a kan linzami, ta kai kibiya kan harafin. Yatsan ya daɗe a sama kafin ya sauka. Hoton yarinya da yayarta ya fito.

“Ƙa, ƙanwa.” Aka ji numfashin Inna, aka ji zakaranmu can nesa. “Ƙanwa, ba kanwa ba. Dije, bakin na, ya janye. Taho gida.”

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta sake dannawa. Ta sake. A na ukun ne ta zauna daɓas tana cewa Adda, Adda, kamar yarinyar da ta ɓata a kasuwa aka gano ta. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, ni kuwa ƙato da gemu na juya wa mata baya ina share fuska da hula. Ban taɓa jin na yi nasara a duniya kamar ranar ba, ko ranar da aka haife ku, ku yi haƙuri.

Ko gida ba ta koma ɗaukar kaya ba, sai aike ta yi wa ɗanta. Na bar babur wurin Malama Luba muka nufi tasha. Muna ratsa kasuwa ta ce in tsaya, ta shiga rumfar masu kayan miya ta fito da ɗan ƙulli a leda, ban tambaye ta ba. Muka shiga bas sai Gummi. Ta tsaya a bakin zauren nan da ta yi rantsuwa a kansa, ta yi sallama da ƙarfi, ta taka. Inna na tabarmarta. Suka dubi juna, uwarku ta saki muciya a tukunya. Inna Dije ta kwance ledar ta ajiye gaban yayarta. Kanwa ce, jar kanwa, dunƙule guda.

“Ga kanwa, ga ƙanwa. Zaɓi guda, Adda, kada ki koma ruɗewa.”

“Rabi,” in ji Inna, “ɗauke waccan ki kai madahi. Ke kuma zo nan, ja’ira, kin tsuhwa.”

Inna Dije ba ta koma Bukkuyum ba sai bayan kaka. Ita ke dama mata kunu, ita ke mata kitso, suna faɗa a kan wa ya fi wa mantuwa. Da gero ya shiga rumbu Inna ta cika, kanta a cinyar ƙanwarta. Baffanku a wurin zaman makoki ya fara yi mini magana, ko da yake har gobe bai yarda ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba.

Daga baya na koma Bukkuyum da ƙunshin da aka yanke ƙarin maganar, don darasi ya zama darasi. Matan suka ce ban isa ba, a bar musu nasu yadda yake. Shi ya sa in kuka gamu da wata tsohuwa ’yar wajen da ta yi ajin nan, kuka nuna mata harafin, ba za ta ce muku ƙa, ƙafa ba. Cewa za ta yi ƙanwa, ba kanwa ba, Dije taho gida.

Faifan yana cikin akwatin ƙarfena, ƙarƙashin rigunan sallah, na kuma kwafe shi a filas ya fi sau nawa. Bara Aminu ya gwada na Windows a kwamfutarsa, ya tashi, guzurinsa na nan bai ƙare ba. In Baffanku ya sake ɗauko zancen Gusau, kada ku yi masa gardama, babba ne. Ku nemi kwamfuta mai Linux ku kunna masa na Bukkuyum, ku miƙa masa linzami, ku ce ya danna mai ƙugiya. Uwarsa ce shi ma.